Ƙofar da Muzahim Yake Gadi

Duk wanda ya taɓa hawa benen gidan tarihi na ƙasa ya bi ta zauren kayan Musulunci, to ya ga Muzahim, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai furfura a gashin baki da ke zaune a kusurwa, kusa da taga. Abokan aiki Abu Nazar suke ce masa, da sunan ɗansa na fari. Ba ya hira da baƙi, ba ya gyangyaɗi, shayinsa ma idonsa na kan aiki yake kurɓarsa. Abin da yake gadi ƙofa ce, tsohuwar ƙofar masallaci mai murfi biyu, ta baƙin katako, an sassaƙe ta da ayoyi da ganyaye. An jingina ta da bango, an kewaye ta da jar igiya.

Shi da ƙofar garinsu ɗaya. Sufaira ake ce wa garin, a bakin kogin Furatu, inda ubansa yake sana'ar fito da kwalekwale har ya rasu. A can aka haifi Muzahim da ƙafar hagu 'yar gajeriya, ya taso yana bin wansa Sa'adun cikin gonakin dabino, shi a baya yana ɗingishi, Sa'adun a gaba yana tsokanarsa. A lokacin ba wanda ya san ƙofar masallacin Juma'a baƙa ce, don daga tsayin kafaɗa zuwa ƙasa ja ce jawur. Matan Sufaira haka suka gada. Wadda ɗanta ke kwance, ko mijinta ya yi tafiya shiru, sai ta je bakin ƙofar ta yi wa Allah bakance. Ranar da buƙata ta biya, ta kwaɓa lalle a kwano, ta tsoma tafin hannunta ta danna a jikin katakon, ta raba wa yara dabino. Hannu a kan hannu, na kaka a ƙarƙashin na jika, har lallen ya yi kauri kamar yaɓe. Limamai sun zo sun yi faɗa a kan abin, wasu har a huɗuba, matan su saurara da ladabi, su koma gida su daka lallensu.

Da yaƙin gabas ya ɓarke aka kwashi samarin garin. Ƙafar Muzahim ta cece shi, aka tafi da Sa'adun. Shekara ta zagayo sai labari ya zo, ba na mutuwa ba, ba na rai ba: ya ɓata. Uwarsu Hajiya Wadha ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Ta yafa abayarta ta nufi masallaci, ta tsaya a bakin ƙofar ta faɗi abin da za ta faɗa, ta dawo ta ɗora tukunya.

Ba a daɗe ba hukuma ta gama madatsar ruwa a ƙasan kogin, aka ce Sufaira za ta nutse. Aka gina wa mutane sabon gari a kan tudu, gidaje na siminti a jere, ba inuwa ba kogi. Kafin ruwa ya iso, mutanen gidan tarihi suka zo daga birni su ceci abin da zai cetu, suka ɗauki 'yan ƙwadago daga cikin samarin da suka rage. Muzahim na cikin waɗanda suka ciro ƙofar, shi kuma aka sa ya hau bayan babbar mota ya riƙe ta har birni. Duk ramin da direba ya faɗa sai Muzahim ya bubbuga masa rufin mota ya zazzage shi. Wata matashiyar ma'aikaciya da ke zaune a gaba, Sitt Lamiya, wato Malama Lamiya, tun tana dariya har ta daina. Da suka isa ta ce masa, "Kai da ka damu da ita haka, ka zauna ka yi gadinta mana." Aka ba shi kakin aiki, aka ba shi ɗaki biyu a bayan ginin, inda masu gadi ke zama da iyalansu. A nan ya kawo amaryarsa Badriyya, a nan ta haifi yaransu duka.

Watannin farko ya sha wuya. A gabansa masu gyara suka zauna da ƙananan wuƙaƙe da auduga suna kankare lallen, kaɗan-kaɗan, har sassaƙar da babu mai rai a Sufaira da ya taɓa gani ta fito fili. Ransa ya ɓaci, kuma bai ɓoye ba. Sitt Lamiya ta kira shi ta ce ya tsuguna. Ta nuna masa ƙasan murfin dama, inda damshin lalle ya ci katakon shekara da shekaru. Ta ɗan danna da tsinke, wurin ya lotsa kamar gurasa. Muzahim ya gani da idonsa, kuma shi mutum ne da in ya gani ya yarda. Daga ranar ya ɗauki igiyar nan da gaske.

Ai kuwa mutane da son taɓa abu. 'Yan makaranta, masu yawon buɗe ido, tsofaffin da ke son shafa ayar su shafa a fuska, kowa hannunsa na ƙaiƙayi. Muzahim ya koyi gane mai shirin miƙa hannu tun daga yadda ya gyara tsayuwa. Gurgu ne, amma tsakanin kujerarsa da igiyar ba a ganin gurguntarsa. Kafin yatsa ya kai katako, ya riga ya damƙe wuyan hannun mutum, muryarsa ta cika zauren: "Ba a taɓawa." Abu Kamil, mai gadin zauren gumakan dutse da ke kusa, ya sa masa suna Shaho.

"Wallahi ƙuda ma sai ya kawo takarda daga ofis kafin ya sauka a ƙofar nan," in ji Abu Kamil.

"Kai dai je ka tashi gumakanka, na ji suna minshari tare da kai."

Shekarun takunkumin tattalin arziki suka zo, albashi ya koma abin dariya. Masu gadi da yawa suka watse. Muzahim ya zauna, saboda ɗakin nan biyu. Haya a birni ta fi ƙarfin mutum irinsa, sabon gari kuma ba gona ba fito. Badriyya na ɗinki, yara na makaranta, miyar kuɓewa ba nama, amma akwai rufi a kansu. Wannan shi ne duk abin da ya mallaka a duniya, kuma ya san da haka.

Sai ga Sa'adun ya dawo. Bayan shekara goma sha wani abu, aka yi musayar fursunonin yaƙi, sunansa ya fito. Ya sauko daga mota siriri, haƙoran gaba babu, yana kallon ƙasa in ana masa magana. Aka yanka rago, mata suka yi guɗa, gidan Hajiya Wadha ya cika ya batse. Da baƙi suka ragu, ta kira Muzahim bayan gida inda take shanya.

"Ranar Asabar zan zo birni. Ka ce wa Badriyya kada ta wahalar da kanta da girki, ba kwana zan yi ba."

"Asibiti za ki, Yumma?" Haka suke kiran uwa a garinsu.

"Lafiyata lau. Wurin ƙofa zan zo. Na riga na sayi lalle."

Shi har ga Allah ya manta da bakancen, ita kuwa ashe ko kwana ɗaya bai fita ranta ba.

"Yumma, ƙofar nan fa yanzu ta hukuma ce. Ba a taɓa ta."

"Wa yake hanawa?"

Ya kau da kai wajen shanyar.

"Na ce wa yake hanawa?"

"Ni."

"To madalla, abin ya zo da sauƙi. Da na ɗauka wani baƙo ne."

Ya lallaɓa ya je wurin limamin sabon gari, wani saurayi mai karatu. Liman ya ce ai sauƙi ne, ta ciyar da miskinai goma, bakancen ya sauka, dama shafa lalle a ƙofa ba ya cikin ibada. Muzahim ya dawo da maganar da murnarsa. Tsohuwar ta saurara tana tsince shinkafa.

"Limamin nan, lokacin da nake tsaye a bakin ƙofa yana ina? Yana bayan uwarsa a goye. Ni ban ce wa Allah zan ba shi shinkafa ba. Na ce in ya dawo min da ɗana, hannuna zai hau ƙofar ɗakinsa. Shi ya cika nasa. Ni ce zan tsaya ina ciniki?"

Da ya koma birni ya shiga ofishin Sitt Lamiya, wadda yanzu ita ce shugabar sashen, da furfurarta da tabarau. Ta ji labarin har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge ido.

"Abu Nazar, ka gaishe min da ita, ka yi mata barka. Amma kai ka san ba zai yiwu ba. In na bar hannu ɗaya, Juma'a mai zuwa motar Sufaira cike za ta zo, kuma kowace da nata ɗan. Me zan ce musu?"

"Hannu ɗaya ne, Sitt. Can ƙasa, inda ba a gani."

"Can ƙasa ne ya fi ruɓewa, kai ka fi kowa sani. Bari in sa kafinta ya kawo katako mai kyau, a ajiye kusa da ƙofar, ta danna a kai. Ni da kaina zan tsaya."

"Ba za ta yarda ba."

"To ka ji ni da kyau, don ba na son ka ce ban faɗa ba. In aka wayi gari da lalle a ƙofar nan, maganar ba a teburina za ta tsaya ba. Ba ni zan kore ka ba, amma ba ni da ƙarfin hanawa. Kuma ɗakin da aikin tare suke tafiya."

Badriyya ta ji duk wannan tana kan keken ɗinki, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Sai mu kwashi yaran mu koma gindin gada, mu ce musu kakarsu ta cika alkawari."

"Uwata ce, Umm Nazar."

"Na ce ba uwarka ba ce? Ni ma da Nazar ne ya ɓata ya dawo, da haƙori zan tsinke igiyar nan taku." Ta tsayar da keken. "Ni dai ban san abin da zan ce maka ba. Duk wanda ka zaɓa, kada ka gaya min sai an gama."

Kwanakin da suka rage bai ci abin kirki ba. Yana zaune yana kallon ƙofar, yana tuna yadda uwarsa ta yi shekarun nan tana ajiye wa Sa'adun rabonsa na naman layya har ya lalace. Ranar Alhamis ya yanke shawara. Zai bar ta. Gab da azahar zauren yakan zama ba kowa. In ta matso, shi zai juya ya kalli taga, abin da zai faru ya faru a bayansa. In an tambaye shi ya ce bai gani ba, in an kore shi an kore shi. Bai gaya wa kowa ba, ita ma bai gaya mata ba, don ya san bakinta, kafin Asabar duk sabon gari ya ji. Saƙo kawai ya aika: ta zo kafin azahar.

Ta zo a kan lokaci, tana hawa benen tana hutawa, Sa'adun na riƙe da gwiwar hannunta. Abayar ta ɗan tasa ta gefe ɗaya inda kwanon yake. Zauren shiru, sai wasu mata da miji can nesa suna duba tsofaffin Alƙur'anai a akwatin gilashi. Muzahim ya miƙe ya sumbaci kanta. Ba ta kula shi ba, idonta na kan ƙofar.

Ta daɗe tana kallo.

"Sun wanke ta," ta ce a hankali. "Hannun uwata a nan yake, kusa da zoben. Nawa na haihuwarka yana ƙasa da shi."

"An daɗe da yi, Yumma."

"Ba ka taɓa faɗa min ba."

Ya juya ya nufi taga kamar yadda ya tsara, ya tsaya ya ba ta baya, ya kafa ido a kan itatuwan farfajiya. Ya ji ƙarar murfin kwano. Ya ji ƙamshin lalle, wanda rabonsa da shi a kusa da katakon nan tun yana saurayi. Yana cewa a ransa, yi sauri, Yumma, yi sauri.

Abin da bai lissafa ba shi ne gilashin tagar. An goge shi da safe, zauren duka yana ciki kamar madubi. A gefen idonsa ya ga baƙin hannun riga ya ƙetare jar igiyar.

Shi kansa bai san lokacin da ya bar tagar ba. Abin da ya sani, ya ji muryarsa ta daki rufin zauren, "Ba a taɓawa!" kuma yatsunsa na zagaye da wani siririn wuyan hannu, ya finciko shi baya kamar yadda ya finciki dubbai. Kwanon ya suɓuce ya faɗi, ya yi ta juyi a kan daɓe yana ƙara, lalle ya fantsama a kakinsa da igiyar. Tafin hannunta a buɗe, jiƙe, saura ɗan taƙi ya kai katakon.

Abu Kamil ya shigo a guje. Mata da mijin nan suka matso. Ƙarar takalmin Sitt Lamiya ta taso daga matakala. Amma Hajiya Wadha ba su take kallo ba, ba kuma Muzahim ba. Sa'adun take kallo. Da jin tsawar mutum mai kaki, ya tsuguna a jikin bango, ya ɗora hannuwansa biyu a ka, ya sunkuyar da fuska, yana jira.

"Sake ni, mai gadi," ta ce.

Ya sake ta. Ta goge tafinta a jikin abaya, ta taka zuwa wurin Sa'adun ta sauke masa hannuwan ɗaya bayan ɗaya. "Tashi, ɗana, ba da kai ake ba. Mu tafi gida." Suka bi ta gefen Sitt Lamiya suka sauka.

Muzahim da kansa ya ɗauko bokiti da tsumma. Yana durƙushe yana goge daɓen, Sitt Lamiya ta tsaya a kansa.

"Na san abin da wannan ya ci maka, Abu Nazar. Ba kowa zai iya ba. Na gode."

Ya so ya ce mata ba haka ba ne, bakinsa ya ƙi. Abu Kamil ma, da ba ya rasa abin faɗa, ya ɗauki kwanon ya wanke ya ajiye masa a gefen kujera, ya koma zaurensa.

Ranar Juma'a ya hau motar sabon gari. Ya tarar da ita a tsakar gida. Ta amsa gaisuwarsa, ta tambayi Badriyya da yara ɗaya bayan ɗaya, ta shiga ta kawo masa shayi a kofin gilashi mai bakin zinariya, wanda ake fitarwa in an yi baƙo. Da ta miƙo, hannun rigarta ya zame, ya ga shatin yatsunsa baƙi a fatarta.

Ya ajiye kofin ya gaya mata komai: shawarar da ya yanke, da dalilin cewa ta zo kafin azahar, da taga, da gilashi.

"Na sani," ta ce. "Da na ga ka juya baya na gane. Ni na haife ka."

"To ki dawo, Yumma. Wannan karon fita zan yi gaba ɗaya, in sauka ƙasa, ba ma zan kasance a wurin ba."

"In dawo da wa? Sa'adun tun ranar bai fita ƙofar gida ba. Ni kuma benen nan ba na iya hawansa ni kaɗai."

"Ni zan goya ki."

Ta dube shi, ba da fushi ba. Da ma fushin ne, da ya fi masa sauƙi.

"Abu Nazar, jiya na dafa shinkafa da nama, na aika wa mutum goma. Liman ya ce ya isa. To ya isa. Kana da yara, ka riƙe aikinka."

Ba ta taɓa kiransa Abu Nazar ba sai ranar. Muzahim take ce masa tun yana rarrafe, ko a gaban surukai.

"Kin yafe min?"

"Me ka yi? Aikinka ka yi. Sha shayinka kada ya huce."

Ya sha. Sa'adun yana ɗaki, bai fito ba, sai da Muzahim zai tafi ya leƙo ya ɗaga masa hannu daga nesa.

Da ya dawo birni, ya sake shiga ofishin Sitt Lamiya. Ya ce yana roƙon alfarma, a canja masa zaure. A kai shi wurin gumakan dutse, ko wurin tukwane, ko bakin ƙofar shiga cikin rana, ko'ina dai.

Ta ɗago daga takardunta tana mamaki.

"Yanzu kuma? Bayan abin da ka yi? Abu Nazar, wa zan sa a wurin? Abu Kamil, ya yi barci a sace murfi ɗaya? Duk ginin nan babu wanda hankalina ya kwanta da shi a kan ƙofar nan sai kai."

Ya tsaya yana murza hularsa. Ta tagar ofishin yana hango bayan ginin, inda Badriyya ke shanya rigunan makarantar yara a kan waya.

"To, Sitt," ya ce.

Ya fita, ya hau benen a hankali yana jan ƙafar hagu, ya gyara igiyar inda ta ɗan karkace, ya zauna.